Saƙa da Ɗinkin Gargajiya a Karkarar Wudil: Misali Daga Dagumawa

1.0 Gabatarwa

Tufafi na daga cikin abubuwan farko da ake gane al'umma da su. Kafin baƙo ya buɗe baki ya yi sallama, rigarsa da hularsa sun riga sun faɗi wani abu game da asalinsa da matsayinsa. Bahaushe ya daɗe yana tufatar da kansa da abin da ƙasarsa ta tsirar, tun daga audugar da ya shuka a gona har zuwa rigar da ya saɓa a kafaɗa ranar Salla. A wannan babi za a bi sawun wannan aiki daki-daki, ana kafa misali da Dagumawa da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita a ƙasar Wudil. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa riga guda aikin hannaye da yawa ce, kuma kowane hannu yana da kayan aikinsa da kalmominsa. Idan hannu ɗaya ya saki aiki, kalmominsa kan bi shi su ɓace, wannan kuwa lamari ne da ya shafi malamin Hausa kai tsaye.

2.0 Dagumawa da Muhallinta

Dagumawa ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano, tare da irin su Utai da Indabo da Darki da Kausani da Lajawa da Achika. Garin Wudil kansa yana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a bakin kogi, bisa hanyar da ta nufi Maiduguri. Kasuwarsa tana ci ranar Juma'a. An fi saninta da cinikin shanu, amma kuma ta yi suna wajen kayan saƙar hannu da rigunan ɗinkin hannu waɗanda mutanen ƙauyuka ke kawowa.

Wannan yanki ɓangare ne na ƙasar da ta sa Kano ta yi fice a harkar tufafi. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a shekarar 1851, ya bayyana cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, suna kuma kaiwa Tambutu ta yamma. Abin lura shi ne, yawancin wannan kaya ba a cikin ganuwar birni ake yin sa ba. Birni wurin tarawa da rarrabawa ne, musamman Kasuwar Kurmi wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Kaɗi da saƙa da rini da ɗinki kuwa sun bazu ne a garuruwa da ƙauyuka, inda manomi yake zama masaƙi ko maɗinki da zarar an kawar da amfanin gona.

3.0 Aikin Cikin Gida: Daga Auduga Zuwa Zare

Mafarin tufa yana hannun mata. Idan kaka ta yi aka tsinko auduga, akan raba ta biyu, wata a kai kasuwa, wata a ajiye a gida domin kaɗi. Matakan da take bi kafin ta zama zare su ne:

(a) Gurza. Ana ɗora auduga a kan wani dutse mai santsi da ake kira magurji, a murza ta da ɗan siririn ƙarfe har 'ya'yanta su fita. Waɗannan 'ya'ya su ne angurya, wadda akan ajiye domin iri ko a ba dabbobi.

(b) Shiɓa. Ana amfani da bakan shiɓa, wato ɗan ƙaramin baka mai tsirkiya, ana fizgar tsirkiyar a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, datti ya zube.

(c) Kaɗi. Mai kaɗi takan riƙe audugar da aka shiɓe a hannun hagu, ta murza mazari da hannun dama. Mazari ɗan siririn tsinke ne wanda aka soka wa dunƙulen yumɓu a gindinsa, wato gululu, domin ya ba shi nauyin juyawa. Tana yi tana dangwalar alli da yatsunta saboda kada gumi ya sa su zame. Taskira ce ma'ajiyar waɗannan kaya.

Zare iri biyu ake kaɗawa. Akwai siriri mai ƙarfi wanda aka murɗa sosai, shi ake miƙewa a tsawon tufa. Akwai kuma abawa, mai kauri da taushi, wadda ake gittawa. Macen da ta iya fitar da siririn zare mara ƙulli tana da daraja a idon masaƙa, har sukan aiko a saya tun bai sauka daga mazari ba.

Kaɗi ya dace da zaman matar aure a cikin gida, domin ba ya buƙatar fita, kuma ana iya ajiye shi a ɗauka a tsakanin girki da reno. Yara ko dillaliya ke kai zaren kasuwa. Da kuɗinsa uwa take tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta yi biki, ta yi gudunmawa. Yarinya kan fara koyo a gefen kakarta, da abawa tukuna, sai hannunta ya faɗa sannan a bar ta ta taɓa siririn zare.

Akwai kuma zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa da ke cin ganyen bishiyar tsamiya. Akan dafa gidan tsutsar da ruwan toka domin danƙonsa ya sake, a wanke, a shanya, sannan a kaɗa. Zare ne mai tsada, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ake yi wa manyan riguna ado da shi.

4.0 Saƙa

Saƙa iri biyu ce a ƙasar Hausa, ta maza da ta mata, kuma kowace da irin masaƙarta.

4.1 Saƙar Maza

Masaƙi yakan fara da wadari. Yakan kakkafa turaku a fili, ya riƙa kai da komo da zare a tsakaninsu har ya sami tsawo da yawan silin da yake bukata. Daga nan sai ya zura silin zaren ɗaya bayan ɗaya a cikin allera, wadda ke ɗaga rabin zaren ta sauke rabi, sannan a cikin matsefi, wanda ke danne saƙa. Ƙarshen zaren yakan ɗaure shi a jikin kunkuru, wato wani katako da aka ɗora wa dutse, aka ajiye can nesa a gabansa. Nauyin dutsen ke sa zare ya miƙe, kuma yayin da saƙa take ci, kunkuru yana matsowa a hankali, abin da ya dace da sunansa. Masaƙi yana zaune, ƙafafunsa suna taka igiyoyin allera bi da bi, hannayensa suna jefa ƙoshiya dama da hagu. A cikin ƙoshiya akwai kwarkwaro, wanda aka naɗe abawa a jikinsa.

Abin da ke fitowa daga wannan masaƙa doguwar tufa ce marar faɗi, wadda ake kira ƙwarya. Faɗinta ya danganta da abin da za a yi da ita. Ta turkuɗi, wadda Kura ta yi suna da rininta, siririya ce ƙwarai, ta riga kuwa takan kai faɗin 'yan yatsu, ta luru da gwado ta fi su duka faɗi. Daga launin zare da tsarinsa ake samun sunayen tufafi, kamar fari, da saƙi mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari irin na jikin zabuwa, da barage mai ratsin jan alharini.

4.2 Saƙar Mata

Masaƙar mata a tsaye take, a jingine da bango a cikin ɗaki ko tsakar gida. Ba ta da abin takawa, da hannu ake ɗaga zare, a danne shi da wani faffaɗan katako mai kama da takobi. Tufar da take fitarwa gajera ce mai faɗi, saboda haka biyu ko uku sun isa zane. Da ita ake yin majanyi da zanen goyo da gwadon rufa. Sau da yawa abin da aka saƙa a nan ba ya zuwa kasuwa, a gidan yake ƙarewa, ko ya tafi gidan 'ya a matsayin kyautar haihuwa.

5.0 Ɗinki

A hannun maɗinki ne ƙwarya take zama sutura. Kafin zuwan keken ɗinki, kayan aikinsa ba su wuce allura da zare da almakashi ko aska ba, sai tabarmar da yake zama a kai a zaure ko a gindin bishiya. Ma'auninsa jikinsa ne, wato taƙi da kamu da gaba.

5.1 Haɗa Riga

Aikin farko shi ne yanka ƙwarya daidai tsawon da ake so, a jera su gefe da gefe, a ɗinke bakin wannan da na waccan. Domin ɗalibi ya gane yawan aikin, sai ya ƙaddara riga mai faɗin inci 90 wadda za a haɗa da ƙwarya mai faɗin inci 3. Ana bukatar ƙwarya 30 ke nan, da dogon ɗinki 29, kowanne daga gindin riga ta gaba, ya haura kafaɗa, ya sauka gindinta ta baya. Duk wannan da allura ake yin sa, kuma gwani shi ne wanda ba a ganin tabon haɗinsa sai an ɗaga rigar a rana.

Bayan haɗi sai a fitar da wuya, a ɗora babban aljihu a ƙirji, a kalmashe bakin hannu, a sa shafi ta ciki a gindin riga domin ta yi nauyi ta zauna da kyau. Wannan tsari na haɗa miƙaƙƙun ƙwarya shi ya ba babbar riga siffarta. Ba a yanka ta bisa lanƙwasar jiki, saboda haka kusan babu ƙyallen da ke zuwa bola, kuma riga ɗaya tana iya yi wa uba, ta yi wa ɗa bayansa.

Babbar riga ba ita kaɗai maɗinki ke yi ba. Yana ɗinka taguwa da 'yar shara na zaman gida da aikin gona, da wando, musamman buje mai faɗin hantsa wanda ya dace da hawan doki, da hula irin su haɓar kada. Shi ne kuma ake kai wa farin saƙi ya haɗa likkafani. Ashe ke nan Bahaushen karkara yana tare da wannan sana'a tun daga majanyi har zuwa kabari.

5.2 Zayyana da Aikin Ado

Darajar riga tana ga aikin da aka yi mata a wuya da aljihu da baya. Kafin a soka allura, sai mai zayyana ya zana fasalin adon a jikin tufa da alƙalami da tawada. Galibi masu wannan aiki malamai ne ko gardawa, domin hannun da ya saba da rubutun allo da zayyanar sauka shi ya fi iya jan layi. Wannan ne dalilin da ya sa ɗinkin hannu ya yi ƙarfi a tsangayu, inda almajiri yake samun abin sabulu da allurarsa a tsakanin karatun safe da na yamma.

Kowane fasali yana da suna. Akwai aska biyu da aska takwas, waɗanda suka samo sunansu daga dogayen siffofi masu tsini da ke saukowa a kan aljihu. Akwai tambari, wato da'irar da ake yi a ƙirji ta dama da kuma baya. Akwai dagi, da linzami wanda ke bin bakin wuya. Rigar malum-malum kuwa aikinta yakan mamaye gaba da baya. Mai saye da ya san kan abin yakan juya rigar ya dubi cikinta, domin a bayan ɗinki ake gane gwani. Rigar da aka cika wa aiki takan ɗauki watanni, wani lokaci mutum biyu ko uku ne suke raba ta, wannan ya ɗauki gaba, wancan baya.

Idan ɗinki ya kammala sai a wanke rigar a kai ta mabuga. A can ake ninke ta a kan gungumen itace, a yi ta dukanta da manyan tabare har ta kwanta ta yi sheƙi. Idan baƙar riga ce da ta fito daga marina, akan ƙara mata shuni a lokacin bugu.

5.3 Koyo da Ciniki

Ɗinki yana zuwa ta gado, yana kuma zuwa ta koyo. Yaro kan fara da zura wa maigidansa zare a allura, ya wuce zuwa kalmasa, sannan a ba shi cike gurbin ado a inda kuskure ba zai fito fili ba. Sai ya shekara da shekaru kafin a amince masa da wuyan riga. Ta fuskar ciniki, wani maɗinkin da jarinsa yake sayen tufa ya ɗinka ya kai kasuwa. Mafi yawa kuwa ƙodago suke yi, wato attajiri ko dillali ya kawo tufa da zare, a yi jinga, a biya su ladan hannu. Kasuwa ta fi buɗewa da rani da kuma gabanin Salla, da damina kuwa allura takan ba fartanya wuri.

6.0 Sauye-sauyen Zamani

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Burin 'yan kasuwar Ingila shi ne su kwashi audugar Arewa zuwa masaƙunsu, su dawo da ita a matsayin yadi. Da farko abin bai yi musu yadda suke so ba, saboda masu kaɗi da masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na kamfani, manoman Kano kuma suka fi karkata ga gyaɗa. Wannan ya nuna irin ƙarfin da sana'ar take da shi a lokacin.

Sai dai a hankali akoko da alawayyo da atamfa da shadda suka cika kasuwa. A 1957 masaƙar zamani ta Kaduna ta fara aiki, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano. Zaren kanti ya zo da araha da santsi, masaƙi ya ga ya fi masa sauƙi, sai ya rage sayen na mata. Ta haka kaɗi ya zama mataki na farko da ya raunana. Mata da yawa suka koma ɗinkin hula da wasu sana'o'in cikin gida, a birnin Zariya ma har suka shiga aikin adon riga wanda a da na maza ne. Keken ɗinki ya karɓe haɗi da kalmasa, tela ya zauna a inda maɗinki yake. Su ma masaƙun zamanin ba su tsira ba, domin waccan ta Kaduna ta rufe a 2002, yawancin na Kano suka bi sahu, yadin ƙasashen waje, musamman na Sin, ya mamaye Kantin Kwari.

Abin da ya fi jurewa shi ne adon hannu. Tufar ta koma shadda, zaren ya koma na kanti, amma har yanzu sarakuna da attajirai da angwaye suna bambanta aikin hannu da na inji, suna kuma biyan bambancin. Ƙalubalen da ke gabansa a yau shi ne injin kwamfuta, wanda ke kwaikwayon aska takwas cikin 'yan sa'o'i.

Wannan hali bai keɓanta ga ƙasar Hausa ba. A karkarar Ailan, musamman yankin Donegal, mata ne suke kaɗa gashin tumaki a gida, maza su saƙa, tela kuma ya riƙa bin gidaje yana kwana yana ɗinka wa iyali sutura, har kayan kanti suka ture wannan tsari. A wasu tsibiran Sikotilan kuwa, dokar da majalisar Birtaniya ta yi a 1993 ta tanadi cewa ba za a kira yadi da sunan Harris Tweed ba sai wanda mutanen tsibiran suka saƙa da hannu a gidajensu. Darasin da ke nan shi ne, aikin hannu yana rayuwa idan mai saye yana da hanyar tabbatar da asalinsa.

7.0 Sana'ar a Bakin Bahaushe

Ɗalibin harshe zai sami abin nazari mai yawa a wannan fage. Ta fuskar ginin kalma, ɗafa-goshin "ma-" yana fitar da mai aiki, kamar masaƙi da maɗinki da marini, yana fitar da wurin aiki, kamar marina da mabuga, yana kuma fitar da kayan aiki, kamar magurji da matsefi. Kalmar "masaƙa" a rubuce ɗaya ce, amma karin sauti ya raba ta biyu. Idan gaɓar tsakiya ta sauka, jam'in masaƙi ake nufi, idan kuwa duk gaɓoɓin suka hau, wurin saƙa ake nufi.

Ta fuskar aro, kalmomin suna ba da tarihin sana'ar. Allura da almakashi da aljihu da alharini da likkafani daga Larabci suke, alamar tsohuwar hulɗa ta Sahara. Tela da yadi da inci da jamfa daga Ingilishi suke, sun shigo tare da kanti da keke.

Ta fuskar adon magana kuwa, akan ce wane yana saƙa da mugun zare, ko ya kwana yana saƙa da warwara. Akan nemi bakin zaren matsala, a ɗinke ɓaraka tsakanin 'yan'uwa. Mai tsoro jikinsa yana rawa kamar mazari, mai dukiya kuwa mai hannu da shuni ne. A karin magana akwai "zanen aro ba ya rufe katara" da "allura ta tono garma". Yaron da bai taɓa ganin mazari yana juyawa a kan gululunsa ba zai iya haddace kwatancin, amma hoton da ke cikinsa ya kuɓuce masa. Marubucin wannan babi ya taɓa ɗaga mazari a gaban aji ya nemi sunansa, aka yi tsit, sai wata ɗaliba da ta tashi a hannun kakarta ta faɗa, ta kuma nuna yadda ake murza shi. Ranar ita ta koyar da darasin.

8.0 Kammalawa

An ga yadda tufa take tasowa daga gona, ta bi ta hannun mai kaɗi da masaƙi da maɗinki da mai zayyana da mabugi kafin ta hau jiki. An kuma ga cewa matakan ba su raunana lokaci guda ba, na cikin gida ne ya fara, adon hannu kuma ya fi daɗewa. Tsofaffin da suka yi kaɗi da ƙuruciyarsu suna nan a Dagumawa da sauran ƙauyuka, sai dai kullum raguwa suke yi. Malamin da aka tura makarantar karkara yana kusa da su fiye da kowane manazarci. Ya kamata ya ziyarce su da ladabi, ya rubuta sunayen kaya da na aiki yadda suka furta, ya nemi aron mazari da ƙoshiya ya kai aji, domin yara su gani su taɓa.

Tambayoyi da Aikin Yi

1. Bayyana matakai uku da auduga take bi kafin ta zama zare, tare da kayan aikin kowane mataki.
2. Kawo bambance-bambance uku tsakanin saƙar maza da ta mata.
3. Me ya sa kaɗi ya riga adon hannu raunana?
4. Kawo karin magana biyar da suka danganci tufafi, ban da waɗanda aka ambata a wannan babi, ka yi sharhinsu.
5. Ziyarci wani masaƙi ko maɗinkin hannu ko tsohuwar da ta iya kaɗi a garinku, ka tattaro kalmomi 20 na sana'ar da ma'anoninsu, sannan ka tsara darasin minti 40 a kansu domin aji ɗaya na ƙaramar sakandare.